Direban da Ke Roƙon Marasa Lafiya

Tun kafin masu yankar kati su buɗe tagarsu, Direba ya riga ya iso asibiti. Sai ya shiga ɗakin ajiya ya fito da kekunan ɗaukar marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gindin gangaren da ake hawa zuwa sashen wankin ƙoda. Ya goge mazaunin kowanne da tsumma, ya danna taya da babban yatsa, ya ja birki ya saki. Daga nan ya tsaya cikin koriyar rigarsa da wanki ya cinye wa launi, yana jiran motar haya ta farko. Bai taɓa riƙe sitiyari ba a rayuwarsa. Marasa lafiya ne suka laƙaba masa sunan, don in ya ɗauko mutum yakan yi hon da baki a kowace kwana, yana cewa a kauce, babbar mota ce tafe. Sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Aikinsa ke nan shekara da shekaru. Ya tura mutum sama da kumburarrun ƙafafu, ya sauko da shi bayan sa'o'i jiri na ɗibarsa. Ya san mai son hira da mai son a yi masa shiru. Ya san wanda amai ke kamawa a hanya, shi ya sa ƙaramar roba ba ta rabuwa da bayan kekensa. Duk wannan aikin kirki ne, amma ba shi ya sa na ɗauki biro ba. Wani halinsa ne da na fara jin haushi kafin in gane kansa: Direba maroƙi ne. Ba ya roƙon likitoci, ba ya roƙon masu zuwa dubiya a manyan motoci. Marasa lafiyar yake roƙo, mutanen da a gidajensu ko kofi ba a barinsu su ɗauka da kansu.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, maigidana kuma mai gyaran keke ne. A rumfarsa ta bakin titi ya yi furfura. Mutum ne mai sakin hannu har ya wuce misali, rabin aikinsa kyauta yake yi. Lebura zai turo keke da fasasshiyar taya, ya yi masa faci, ya ƙara masa da ɗaure birki, ya ce ya tafi kada ya makara. Na yi mita har na gaji na bari. Hawan jini ne ya yi ta cin ƙodojinsa a ɓoye, ba mu farga ba sai da aka ce sun tsaya. Tun daga nan rayuwarmu ta koma kan wata na'ura mai janye jinin mutum ta tace ta mayar, sau biyu a mako, har iyakar rai. Wanda ya daina zuwa, ruwa zai taru masa a jiki ya hau ƙirji, kuma abin ba ya jan lokaci.

Ciwon ya yi mana ɓarna, amma ƙauna ta taya shi. Ƙaninsa ya ba da rumfar haya ba tare da ya tambaye shi ba, wai don a rage masa tunani. Babban ɗanmu ya tattara kayan aikinsa a akwatin ƙarfe, ya danna kwaɗo, ya tura ƙarƙashin gado, ya jefa makullin a aljihu. Na ce su bar masa ko filaya ɗaya ya riƙa juyawa a hannu. Aka yi min caa, wai so nake in ƙarasa shi. Kalma ɗaya ta cika gidan: “Baba, ka huta.” In ya miƙa hannu zai ɗauki buta, ka huta. In ya tashi zai gyara labulen da ya zame, ka huta.

Sai masu dubiya, Allah ya saka musu da niyyarsu. Su shigo da ayaba da lemo da kwalaben lemon zaƙi, duk abubuwan da likita ya hana shi, su jibge a gabansa, shi da ake auna masa ruwan sha da ɗan kofi. Su karkatar da kai su ce sannu. Sannan su juyo gare ni su ce, “Ya ci abinci kuwa? Yana samun barci?” Ga mutumin nan zaune da kunnuwansa biyu. A asibiti ma akwai nasu irin. Wasu masu hannu da shuni sukan zo da kwalaye da mai ɗaukar hoto, a ɗora wa mutum kwali a cinya, jininsa na yawo a tiyo, a ce ya ɗan yi murmushi. Har yau in na tuna fuskarsa a hoton nan raina ɓaci yake yi.

Wata safiya da ya kamata mu tafi, na same shi zaune a bakin gado bai ko sa riga ba.

“Malam, mota na jira.”

“Ta yi ta jira. Malama, na gaji da cewa na gode. Daga safe har yamma bakina ba ya furta komai sai na gode. Ni ba zan koma ba.”

Bai koma ba ranar. Kafin zuwa na gaba ƙafafunsa sun ƙi shiga takalmi, in ya kwanta numfashi ya gagara, sai a zaune. Kusan ɗaukarsa muka yi muka sa a mota. A hanya ya dube mu ni da ɗansa, ya ce kowa ya ji da kyau, wannan ne na ƙarshe. Na san mijina. Ba ya faɗin abin da ba zai yi ba.

Da muka isa, Direba ya tsallake kekunan da ya jera masu kyau, ya janyo wani daga bayan ginshiƙi. Ban taɓa ganin keke mai muni irinsa ba. Yana kuka ƙiii-ƙiii, yana ja hagu, ƙafar gaba na rawa. Na buɗe baki zan yi masifa, wane irin rashin imani ne a ɗora mai numfashi sama-sama a wannan tarkacen, sai ya riga ni da cewa sauran duk an kama su. Ƙarya ce tsagwaronta, ina ganinsu a jere ba kowa.

Suka fara hawa gangaren. Maigidana ya runtse ido ya daure. Keken ya ci gaba da kuka. Na ga yatsunsa na motsi a kan cinya. Ba su kai rabi ba ya ɗaga hannu.

“Tsaya. Wai wa ke kula da kekunan nan?”

“Ni ne, ranka ya daɗe.”

“To ba ka da kunne? Boris ɗin ƙafar hagu ya mutu. Wayoyin tayar ma sun saki, shi ya sa take rawa.”

“Ni dai turawa na iya. Na kai ƙara ofis har na gaji.”

“Kawo sifana mai lamba goma.”

“Ba mu da shi.”

“Asibiti guda ba sifana?”

“Wallahi babu. Sai dai in za ka taimake ni ka zo da naka ranar Alhamis. Wata tsohuwa nake ɗauka a kansa, jiya saura kaɗan ya kifar min da ita.”

Alhamis ce ranar wankinsa na gaba. Maigidana bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tsaki kawai ya ja, ya ce a tura shi. Daga baya babbar nas ta sashen ta faɗa min cewa da idonta ta ga Direba da sassafe yana janyo keken daga tarin lalatattun da aka jibge a bayan gini. Sai a lokacin na tuna cewa makonni kafin haka ya taɓa tsayar da ni ya ce, “Malama, wai da can wace sana'a Malam yake yi?” Na ba shi amsa a tsaye na wuce, na ɗauka surutu ne kawai.

Ranar Laraba aka yi ta a gidanmu. Maigidana ya aika a kira masa ɗansa, ya ce ya kawo makulli.

“Baba, likita ya ce kada ka ɗauki abu mai nauyi da hannun nan.”

“Hannun hagu ya ce, wanda suka haɗa wa jijiya. Na dama fa, shi ma ka sa masa kwaɗo?”

“Don lafiyarka muke yi, Baba.”

“Na sani. Kun kusa kashe ni da lafiyata. Kawo makulli, ko in sa a kira mai walda ya fasa.”

Rabon da in ji ya ɗaga murya tun kafin ciwon. Na shige kicin na tsaya, hawaye na zuba ina dariya. Yaron ya ajiye makullin ya fita yana huci, ya ce in wani abu ya faru ni ce. Washegari maigidana ya riga ni shiri, da sifana da filaya da gwangwanin giris a leda.

Babbar nas ta yarda bisa sharaɗi: a bayan gini za a yi, kafin a ɗora shi a na'ura, kuma ya wanke hannu har gwiwa kafin ya shigo mata ɗaki. Can suka zauna, shi a benci, Direba a tsugune yana riƙe da taya. Hannu ɗaya ke aiki, bakin kuma bai huta ba. “Riƙe da kyau mana! Kai wane irin direba ne da bai san noti ba?” Direba na cewa, “A yi haƙuri, Injiniya.” Tun daga ranar sunan ya zauna, har nas-nas suka ɗauka. Da aka gama, Direba ya tura keken ya dawo da shi shiru ba ƙara, ya ce, “Injiniya, na gode. Allah ya bar mana kai.” Maigidana ya kau da kai wai yana neman tsumma. Kafin mu tafi kuma Direba ya sosa ƙeya ya ce akwai wani guda, birkinsa ba ya kamawa, ko za a duba ranar Litinin.

Haka ya riƙa yi masa. Bai taɓa fito da biyu a rana ɗaya ba, kuma bai taɓa barinmu mu tafi ba tare da ya nuna na gaba ba. Da kekunan suka ƙare aka koma kan ƙafafun sandunan rataye ruwa, da gadon tura mutane, da kekunan da wasu marasa lafiya ke zuwa da su daga gida. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka sauƙi ya samu. Ƙoda ba ta dawo ba. Ƙishirwa na nan, ɗaurewar jijiya na nan, akwai ranakun da yake saukowa ko magana ba ya iya yi. Abin da ya canza guda ne: ya daina cewa ba zai koma ba.

Ba shi kaɗai Direba ya yi wa wannan dabarar ba. Akwai wata da muke kira Mai Yadi, tsohuwar 'yar kasuwa da ciwon suga ya kai ta ga na'ura. Bakinta ba linzami, ba nas ɗin da ba ta sa kuka ba. Wata rana aka kawo wata sabuwa, matashiyar uwa, ta ga allurar ta fara kyarma. Direba ya je wurin Mai Yadi ya rage murya ya ce shi namiji ne, bai san abin da zai ce mata ba, ta taimake shi.

“Ni uwarta ce?” in ji Mai Yadi.

Amma ta ce a matsar da gadonta. Ta kama hannun matar ta ce, “Ke, rufe mana baki. Kin yi naƙuda kin rayu, wannan 'yar allurar ce za ta gagare ki? Dube ni nan, kada ki dubi hannun.” Daga ranar duk macen da za ta fara, hannun Mai Yadi take riƙewa. Masifar ba ta ragu ba, amma nas-nas sun shaida cewa ta daina tsallake ranakunta, don kada a kawo sabuwa ba ta nan. Da ta rasu bara, matan da ta riƙe wa hannu sun je gidanta, wasu a kan keke.

Akwai kuma Mai Tifa, wanda ya yi rayuwarsa a kan hanya kafin suga ya tafi da idanunsa. Yakan ce duniya ta lalace, shi da ya tuƙa tifa yana kwance, mai tura keke ne Direba. Da farko juya wa bango fuska yake yi har a gama. Direba ya ce masa na kusa da shi ba ya daina kallon jininsa a tiyo, har jiri ke kama shi, ko zai ɗauke masa hankali da labarin hanya. Yanzu mutane roƙo suke yi a ba su gadon da ke kusa da Mai Tifa. Rabin labaransa ƙarya ne, kowa ya sani, amma ba wanda ke duban agogo in ya fara.

Kai ne ka yi wannan, Direba, mai mota ba inji. Kai ne ka dubi ɗakin da kowa ke ganin gawarwaki masu jiran lokaci, ka ga makanike da 'yar kasuwa da mai labari. Ba ka da magani ko ƙwaya ɗaya a aljihu, ba ka da abin da za ka ba su, sai ka miƙa musu hannu ka ce su ba ka. Ranar da na tsare ka na ce wa ya koya maka, cewa ka yi, “Malama, ni ban san komai ba. Na dai lura, wanda ake ta ce wa sannu kansa ƙasa yake yi. Wanda aka ce wa na gode kuwa sai ka ga ya gyara zama.” Ka faɗa ka wuce da kekenka, don an kira ka.

To ga yadda aka saka masa. A farkon shekarar nan asibitin ya miƙa aikin tura marasa lafiya ga wani kamfani. Aka kira Direba ofis aka ce shekarunsa sun wuce, ya ajiye riga. Ba taro, ba ko kofin shayi. A bangon sashen akwai allon ƙarfe mai ɗauke da sunan wani bawan Allah da ya ba da fanka, an goge shi yana ƙyalli. Mutumin da ya tura dubban mutane a gangaren nan ya fita ta ƙaramar ƙofa da takalminsa a leda. Kamfanin ya kawo sababbin kekuna da sababbin ma'aikata da sababbin dokoki: mara lafiya ba ya taɓa kayan asibiti, kuma mutum ɗaya tal ke shiga da shi. Ban ce sababbin mugaye ba ne. Turawa aka ɗauke su su yi, kuma turawar suke yi, da gudu, ido a kan waya.

Tsofaffin kekunan kuwa, a gaban idon maigidana aka loda su a motar masu sayen ƙarafa. Yana zaune yana kallo ana jefa su ɗaya kan ɗaya, har da na farkon nan da ya sa wa sabon boris. Muka koma gida. Ya ajiye ledar sifana a ƙarƙashin gado da hannunsa.

Ya je sau biyu bayan haka. Na uku ya ce, “Me zan je in yi?” Na san hanyar nan, na san inda take ƙarewa. Na yi ta maza na je maƙwabta na aro keke, na sace iskar tayar baya, na turo masa har ɗaki na ce an ce a taimaka. Ya danna tayar, ya juya ta, ya kai kunne.

“Wannan ba faci take so ba, iska aka sace mata. Malama, kin iya koyarwa, amma ba ki iya ƙarya ba.”

“Ai shi ma Direba dabara ya yi maka.”

“Kina zaton ban gane ba? Tun a gangare na gane. Amma kekensa da gaske ya mutu, kuma da gaske mutane ke hawa. Mayar musu da kekensu.”

Ƙafafunsa suka fara kumbura. Na rasa inda zan sa kaina, sai na nemi kwatancen gidan Direba wurin babbar nas, da niyyar in roƙe shi ya zo ya yi masa magana. Da hantsi na isa. Ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu. Na same shi zaune a kujerar roba a bakin ƙofa, ya yi wanka, ya sa takalmi ya ɗaure igiya, ba inda za shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. 'Yarsa ta kawo min ruwa ta ce, “Haka yake yi kullum, Mama. Abinci ma sai an yi da gaske. Mun ce ya huta, ya yi wa duniya aiki ya isa.” Kalmar da ta cika gidanmu ce na sake ji. Ya tambaye ni mutanen sashen ɗaya bayan ɗaya, wa ke zuwa, wa ya daina, wa ke kusa da Mai Tifa yanzu. Da ya zo kan Injiniya na ce yana nan lafiya, don na kasa ɗora masa wani nauyin. Na yi sallama na fito ban roƙi komai ba.

A gida na zauna na faɗa wa maigidana abin da na gani, ba ƙari ba ragi. Yana jingine da matasai, numfashi na fita da ƙyar.

“Da takalmi a ƙafa, kika ce?”

“Har da ɗaure igiya.”

“Za su kashe shi. Mutumin nan ba zai iya zaman banza ba.” Ya yunƙura. “Samo mota.”

“Ina za mu?”

“Asibiti tukuna, su zuƙe ruwan nan. Da wannan ƙafar ba zan iya shiga lungu ba.”

Babbar nas ta wanke shi tas da faɗa kafin ta ɗora shi a na'ura. Da aka gama, ko tsayuwa ba ya iya yi sosai, amma ya ce sai gidan Direba. Ni da mai motar muka riƙe shi har bakin ƙofa. Direba ya miƙe a ruɗe yana neman ba shi kujera.

“Zauna, roƙo na zo,” in ji maigidana. “Mutanen nan ba su iya shan kwana ba, amai suke sa ni. Malama kuma bayanta ya gaji da ɗaga ni. Ka zo ka riƙa tura ni.”

“Injiniya, ai an sallame ni.”

“Ma'aikaci aka sallama. Ni ɗan'uwa nake nema. An ce mutum ɗaya ke shiga da mara lafiya, ba a ce wane ba.”

Direba ya dube ni, ya dube shi. “Malama ce ta kai maka gulmata.”

“Ita ce. Za ka zo ko ba za ka zo ba?”

Ya zo. Ranar Litinin muka same shi a gindin gangare da rigar gida, ya riga ya zaɓi keke ya danna tayarsa. Sabon mai gadin sashen ya tare mu ya ce mutum ɗaya ke shiga, wannan kuma wane ne.

“Ƙanina ne,” in ji maigidana.

Mai gadin ya dubi dogon baƙin da ke zaune, ya dubi gajeren farin da ke tsaye. “Ƙaninka?”

“Kai ka haife mu? Buɗe ƙofa.”

Ya buɗe, suka shige, ni na tsaya a waje. Tun daga ranar benci ne wurina, a nan ma nake rubuta wannan. Ba zan ɓoye ba, abin yana min ciwo. Ni na kwana da ciwon nan na tashi da shi, ni na san awon ruwansa da ƙwayoyinsa, yau ga ni a bakin ƙofa tare da masu jiran kati. Yana kuma min ciwo cewa aikin da aka raina masa albashi a kai, yanzu kyauta yake yi, a asibitin da bai san ya yi rashi ba. An ce in ya ajiye Injiniya a gado yakan zagaya ɗakin yana gaisuwa, kuma ba ya fita sai ya roƙi wani wani abu. Dokar kamfani ba ta hana ɗan'uwa gaisuwa ba.

Direba, na gode. Ba ni da allon ƙarfe da zan kafa maka, ba ni da bango. Abin da nake da shi ke nan na rubuta. Allah ya ba ka wanda zai buƙace ka har ƙarshen ranka, ya raba ka da 'ya'yan da za su so ka har su ɗaure maka hannu.

Ku kuma masu karatu, kusan ba gidan da ba shi da nasa mai doguwar jinyar: mai suga, mai sikila, mai shanyewar ɓarin jiki. Ku biya masa magani, ku kai shi asibiti, wannan dole ne. Amma kada ku ƙwace masa abin da zai bayar. Ku tuna abin da ya iya kafin ya kwanta, ku nemo inda ake buƙatarsa da gaske, don mara lafiya ba wawa ba ne, yana gane buƙatar ƙarya. In ya fara yi da hannu mai rawa, ku danne zuciya ku bar shi ya gama. Masu zuwa da mai hoto kuma, don Allah ku bar shi a mota.

Likita ya faɗa min a gefe cewa jijiyoyin hannun maigidana sun fara ƙarewa, wurin sa allura na ƙara wuya. Ban san nawa ya rage mana ba, ban kuma tambaya ba. Jiya na ga ya wuni a kwance, jikin ba daɗi, tsohon tsoron ya taso min. Na zauna a gefensa na ce, “Malam, gobe za ka je kuwa?”

Ya buɗe ido ya harare ni. “In ban je ba, wa tsohon nan zai tura?”